Dalmar da ke bin nama har cikin tukunya

Ina ɗan shekara tara ko goma na fara tauna dalma. Wani kawuna maharbi ne ya dawo daga fadamun Korama da zabin daji biyu, aka yi miya, mu yara aka ba mu wuya da ƙafafu kamar yadda aka saba. Ina cikin gwaguyar ƙashi sai na ji wani abu ya shiga tsakanin haƙorana. Da tsakuwa ce da ta yi ƙara, shi kuwa wannan lotsawa ya yi. Na tofa a tafin hannu, sai ga ɗan dunƙule toka-toka, bai kai ƙwayar dawa ba, ga shatin haƙorina a jikinsa. Manya suka bushe da dariya, aka ce yau na ci rabon maharbi. Na yi kwana da kwanaki ina yawo da shi a aljihu, ina ja masa layi a bayan littafin lakwal don na ga yana rubutu kamar fensir, in na gaji in mayar da shi baki.

Wanda na tofar ke nan. Wanda muka haɗiye a wannan daren da sauran darare, ni da ƙannena, babu wanda ya ƙirga.

Da ku nake, ƙannena samarin Magarya da Dungas, na Bande da Waca da Guci da Malawa da Dogo-Dogo, ku da kuka tarar da bindigar toka jingine a ɗakin tsoho, kuka fara bin manya dawa bayan an kai amfanin gona gida. Ban zo in raba ku da farauta ba. Sana'a ce mai asali, kuma ƙasar nan ta daɗe da sanin bindiga: tun zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, maƙeran birnin Zinder suke zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida. Sarkin Dawa da Sarkin Baka ba jiya aka fara naɗa su ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni, ita ce abin da kuke ɗurawa a bakin bindigar, da inda yake ƙarewa.

Kawun nan nawa a tsakar gida yake yin harsashinsa. Sai ya samo mataccen batirin mota, ya fasa shi da gatari a bayan rumbu, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya zaro faifan da ke ciki. Wani gari ne ke zuba daga jikinsa, wani toka-toka, wani kamar ƙasa-ƙasa, iska tana ɗibarsa. Ya zuba gutsattsarin a gwangwanin tumatir, ya ɗora a kan murhun da aka sauke tuwo yanzun nan, mu kuma mu kewaye shi muna kallon yadda ƙarfe ke komawa ruwa yana sheƙi. Dalma ba ta da wuyar narkewa, zafin digiri 327 ya ishe ta, wutar kara ma tana kai wa nan. Shi ya sa maharba suke sonta, ga nauyi ga arha. Idan ya gama sai ya karkaɗe hannu a jikin riga, a kawo masa fura ya sha. Tokar murhun kuwa da safe aka kwashe ta aka watsa inda kaji ke tono, inda jarirai ke rarrafe. Allah ya jiƙansa, bai sani ba. A lokacin batir ma sai an nema. Yau da babur ya cika gari, kowane gida da batirin sola, matattun batura sun fi na zamaninsa yawa nesa ba kusa ba.

Ku kuwa kun zo a lokacin da aka sani, kuma da gawarwakin yara aka sayi sanin. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma tana ciki. Mutanen suna kawo dutsen zinariya gida suna daka, suna niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ɗaki, ta bi kwano, ta bi hannun yaro zuwa bakinsa. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jini. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Kafin wannan, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun mutu a wata unguwa ta Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, su kuwa ba zinariya ba ce ta jawo musu. Tsofaffin batura ne ake fasawa a unguwar ana cire dalma, aikin da kawuna yake yi a bayan rumbu, sai dai nasu ya fi yawa.

Wani zai ce ai wannan ƙura ce, harsashi kuwa dunƙule ne, in ka ci karo da shi ka tofar. Haka ni ma na ɗauka shekara da shekaru. Dalma ƙarfe ne mai laushi. Idan ta bugi ƙashi ko ta ratsa tsoka da ƙarfi, gogewa take yi tana barin ɓurɓushi a hanyar da ta bi, wasu ƙananan da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. A 2008 wani likita maharbi a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, William Cornatzer, ya ɗauki ƙunshin niƙaƙƙen naman barewa da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata, ya sa a na'urar hoton asibiti. Fiye da rabin ƙunshin da ya duba akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, gwaji ya nuna dalma ce, hukuma ta sa aka janye naman. Gaskiya ne bindigoginsu sun fi namu gudun harsashi, saboda haka nasu ya fi tarwatsewa. Amma zabo da fakara da kurciya ƙananan jiki gare su, kuma ƙwaya nawa ke shiga jikin tsuntsu ɗaya? Wuta ba ta kashe dalma, tafasa ba ta fitar da ita. Abin da ya fi muni, tsami yana narkar da ita ta bi romo. Ku tuna da me muke dafa naman daji: yakuwa, tsamiya, tumatir, lemun tsami.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa, kuma yaro ƙarami jikinsa yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa in sun haɗiyi abu ɗaya. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko tamowa ya fi kowa tsotsa, don jikin da ke yunwar sinadarin ƙarfe da na ƙashi yana karɓar dalma a madadinsu. Wannan maganar ta shafe mu fiye da mutanen Dakota. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na asibitin Magarya a watannin Agusta da Satumba, inda MSF ke aiki tun 2005, ya san irin jikin da yaranmu ke shiga damina da shi. Kuma gubar ba ta zuwa da tambari. Ciwon ciki ne, taurin bayan gida, kasala, yawan kuka, rashin cin abinci. In ta yi yawa sai suma da sanƙarewa, a ce zazzaɓin sauro ne ko iska. In kaɗan ce ba a ma ganin komai, sai yaro ya girma ana cewa ba ya riƙe karatu, allo ɗaya ya yi wata uku a kansa, malam yana duka. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Mace kuma tana ajiye ta a ƙashi shekaru, ranar da ta sami ciki sai ta fito ta bi jini zuwa ga ɗan tayi. Kai babba ma ba ka tsira ba: hawan jini, ciwon ƙoda, raunin haihuwa.

(Tunda an zo nan, a gaya wa iyaye mata: baƙin kwallin dutse mai ƙyalƙyali da ake rambaɗa wa jarirai, mafi yawansa dutsen dalma ne. Wannan maganar wata rana ce, amma a fara rage hannu.)

To su waɗanda suka riga mu ganewa, me suka yi? Su tsuntsaye ne suka fara tona musu asiri. Agwagin ruwa suna tsintar ƙwayoyin harsashi a bakin tafki suna haɗiya a zaton tsakuwa ce, suna mutuwa, sai Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991. Danmak ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996. A Kalifoniya akwai wata ƙatuwar ungulu da ake kira kwando, wadda a 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya. Babban abin da ke kashe ta shi ne kayan cikin dabbar da maharbi ya farke ya bari a daji da ɓurɓushin harsashi. Daga 1 ga Yulin 2019 jihar ta hana farauta da dalma kowace iri. Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu da bakin ruwa daga Fabrairun 2023. Ku tambayi tsofaffi yawan ungulun da ke sauka mahautar Magarya a da, ku ƙirga na yau. Abubuwa da yawa ne suka cinye ta, har da guba da masu sayen kanta don tsibbu, ban ɗora wa dalma laifin duka ba. Amma wadda ta rage ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙarin wata musiba.

Masu harbin barewa a ƙasashen Turawan nan kuwa sai suka koma harsashin jan ƙarfe zalla, irin wanda kamfanin Barnes ya fitar a 1989. Shi idan ya shiga jiki bakinsa ne ke buɗewa kamar fure, ya ratsa ya fita kusan da nauyinsa duka, bai bar gari a nama ba. Sai dai canjin bai zo musu da sauƙi ba, kuma a nan ne darasin da nake so ku ɗauka yake. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba: in ka cika mazubi ɗaya da kowanne, na dalma ya fi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka harsashin jan ƙarfe mai nauyi daidai da na da sai ya fi shi tsawo, dogon harsashi kuwa ba kowace bindiga ke iya juya shi ya tafi a miƙe ba. Dole suka koma mai sauƙin nauyi, mai saurin gudu. Har doka sai da ta motsa: a 2023 Sikotlan ta rage mafi ƙarancin nauyin harsashin harbin manyan barewa daga abin da ya kai giram 6.5 zuwa wajen giram 5.2, don a sami damar amfani da jan ƙarfe.

Da yawansu da hannunsu suke ɗura kwanson harsashi a gida, kamar yadda kuke ɗura taku. Bambancin yana wajen awo. Mutum zai zauna da ɗan sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, da littafin masu yin albarushin da ya faɗi iyakar da ba a ƙetarewa, ya fara daga ƙasa. Ya ɗura uku ko biyar iri ɗaya sak, ya je ya kafa takarda a mita 100, ya harba, ya auna tazarar hujojin, ya rubuta. Sannan ya canza abu ɗaya tak, ya sake. Ba ya canza biyu a lokaci guda, don in abin ya gyaru ko ya ɓaci ba zai san wanne ne sanadi ba. Yana iya yin wata guda a haka kafin ya yarda ya nuna wa dabba mai rai bakin bindiga, burinsa hujoji biyar su taru a wurin da bai fi ƙwayar ido girma ba. Wani zai ce aikin marasa aikin yi ne. Ni kuwa na ga mutumin da ba ya son dabba ta gudu da rauni.

Mu fa? Tafin hannu ne ma'auni. Yau a zuba kaɗan, gobe in an ji haushin zomon da ya tsere jiya a ƙara. Kowa a cikinku ya san wani mai yatsu uku ko mai ido ɗaya, kuma kun san ba kura ce ta cije shi ba. Bututun da maƙeri ya yi da bakin famfo ko sandar sitiyarin mota yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Kada wanda ya kuskura ya farke harsashin bature ya juye garinsa a bindigar toka. Wannan garin ƙarfinsa daban ne, ya tarwatsa bindigogin da suka fi taku ƙwari. Ku tsaya a kan awon da babban maharbi ya gwada ya nuna muku, da ma'auni ɗaya wanda ba ya canzawa, kuma ku san nisan da bindigarku ke kaiwa da gaskiya. Ku jingina tsohon kwali a jikin tudun yashi inda babu mutum babu dabba a baya, ku ja da baya taki ashirin, ku gani da idonku inda ƙwayoyin ke zuba. Yawancinku za ku sha mamaki. Abin da ya wuce wannan nisan ku bar shi ya tafi. Tsuntsun da ya tashi da ƙwaya biyu a cinya zai je ya mutu a ƙarƙashin wata sabara, shaho ko dila ya cinye shi da dalmar, kai ka koma gida hannu rabbana.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa akwai harsashin jan ƙarfe a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba. Babu, kuma ko akwai ba na irin bindigarku ba ne. Na san kuma wasu na zuba ƙwallayen boris na keke, ko yankakken ƙusa, su ce ai sun huta da dalma. Ta fuskar guba sun huta. Amma baƙin ƙarfe ba ya lotsawa: yana kankare cikin bututu, yana iya cijewa a ciki, in ya bugi dutse ko kututture kuma dawowa yake yi, ba ya tambayar wa ya harba shi. A farautar gayya, inda mutum ɗari da karnuka suke kewaye da daji ɗaya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Turawan da ke harbi da ƙwayar baƙin ƙarfe bindigoginsu an gwada su a kan haka, kuma ƙwayoyin suna cikin wani kofin roba da ke kare bututun. Saboda haka ban ce ku musanya wata masifa da wata ba.

Abin da ke hannunku yau ya fi haka sauƙi. Narka dalma a gidan da mata da yara suke, a daina shi kwata-kwata. Mataccen batir a bar shi a rufe yadda yake, kada a fasa, kada a bar yara su yi wasa da shi. Wanda ya taɓa harsashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, kuma a bar al'adar riƙe ƙwayoyi a baki lokacin ɗuri. Idan an fede dabba a bi hanyar da harsashi ya bi, a yanke naman da ya yi baƙi ko ya taru da jini har da abin da ke kewaye da shi, da hannu sake, kada a yi rowa. Abin da aka yanke da kayan ciki a haƙa rami a binne, kada a jefa wa kare, karen nan shi ne abokin sana'arka. Naman da aka harba da dalma kuwa, mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙarami su haƙura da shi. Na san nauyin wannan maganar a gidan da nama sai sa'a. Amma zomon da kare ya kamo, ko wanda gora ta kayar, babu abin da ya same shi. A ba su wannan, manya su ci na bindiga.

Malamanmu sun halatta abin da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah, wannan ba a kansa nake ba. Halaccin yanka daban, cutar da ke cikin naman daban. Kuma duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wurin da aka karhanta farauta don wasa kawai. Ina tuna wannan idan na ga samari sun tashi da babura da fitila da dare suna harbin duk abin da idonsa ya yi ƙyalli. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, ta wajabta takardar izini, ta sa lokacin buɗewa da rufewa, ta hana farautar dare da fitila da sa wa daji wuta da guba. Ku je wurin jami'an gandun daji ku yi tambaya tun kafin su zo su same ku. A halin da bakin iyaka yake ciki yanzu, saurayin da aka tsare da bindiga ba takarda, bayanin zomo ba zai fitar da shi da wuri ba.

Barewa kuwa, wadda ita ce asalin maganar Turawan can, yaushe rabon da wani ya gan ta tsakanin Magarya da Dungas? Gona ta haɗe da gona. Wadda ta rage sai can arewa, wajen Termit da Tin Tumma, inda gwamnati ta keɓe a 2012, kuma ba ta harbi ba ce. Abin da ya rage mana ƙananan dabbobi ne da tsuntsayen fadama. Iyayenku sun nuna abin da aka rasa yana dawowa: tun daga shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo a gonakinsu maimakon sarewa, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallon miliyoyin itatuwan da suka tashi. Inda itace ya dawo, fakara da zabo suna iya dawowa, in an bar su sun yi ƙwai da damina.

Ɗan'uwana, in akwai gwangwanin narka dalma a bayan murhun gidanku, tashi ka ɗauke shi yau, ka kwashe tokar wurin da ƙasar da ke ƙarƙashinta ka kai nesa da rijiya ka binne, tun yara ba su taso daga makarantar allo ba.